Gefen Shafi: Yadda Ilimin Aiki Ke Sauya Hannu a Birnin Kudu da Gwaram

A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu akwai tsohon zanen shanu, a yankin da Bernard Fagg ya yi nazarin duwatsun kiɗa a shekarun 1950. Zanen ya tsira, masu zanen kuwa sun tafi kushewa da sunansu da dabararsu. Haka ilimin sana'a ya daɗe a ƙasar nan: a ka yake zama, ido da kunne ke ɗaukarsa. Ɗan maƙeri sai ya daɗe yana zuga kafin a miƙa masa masaba, dillalin hatsi a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram kuma a gindin ubangidansa yake koyon gane geron da ƙwari suka shiga. Tsarin ya fitar da gwanaye, amma duk tsohon da ya faɗi, rumbu guda ne ya ƙone.

Malaman zaure ne suka fara toshe wannan ɓaraka. Wanda ya taɓa buɗe Risala ko Ishmawi rubutun hannu ya ga yadda gefen shafi ke cika da ƙananan bayanai: wani ya fassara kalma da ajami, almajirinsa ya ƙara, na bayansa ya gyara. Zuwan boko, da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da asibitin garin da ofisoshin ƙananan hukumomi, ya kawo fayil da littafin miƙa aiki na ma'aikatan jinya, sai dai fayil yakan kwana a durowar mutum ɗaya. Saboda haka wiki, shafin intanet da kowa ke iya gyarawa, wanda Ward Cunningham ya ƙirƙira a Amurka a 1995, ba baƙo ba ne a nan. Gefen shafin nan ne aka faɗaɗa, aka kuma sa shi riƙe sunan duk mai gyara da ranar gyaran, yadda sabon ma'aikaci zai ga dokar aiki da dalilin sauya ta.

Masu ja za su ce sana'a a hannu take, kuma suna da rabin gaskiya: ba wanda ya iya ɗinkin rauni daga karatu. Amma adadin magani da lambar da za a kira tsakar dare ba sa bukatar shekarun zuga. Matsalar wuta da sabis ma gaskiya ce, ko da yake waya ta riga ta shiga aljihun yawancin ma'aikata. Inda gizo ke saƙa shi ne girma. A zaure, almajiri kan ƙara bayaninsa bayan malam ya ba shi izini ko ya kau. A wiki kuwa, ƙaramin akawu zai gyara rubutun darakta da safe, su haɗu a masallacin ofis da azahar.