Haɗarin amfani da manhajar da wa'adinta ya ƙare

Kowace manhajar kwamfuta tana da wa'adin da kamfanin da ya ƙera ta ya ɗiba domin kula da ita. A tsawon wannan lokaci, duk sa'ad da aka gano wata ɓaraka da masu kutse za su iya bi, kamfanin kan aiko da gyara ta intanet domin a toshe ta. Da zarar wa'adin ya cika, sai a daina aiko da gyaran.

Matsalar ita ce manhajar ba ta daina aiki a wannan rana. Kwamfuta za ta kunnu kamar kullum, ta ci gaba da lissafin albashi ko adana bayanan marasa lafiya, shi ya sa ma'aikatu da dama ba sa ganin dalilin kashe kuɗi wajen sauya ta.

Sai dai haɗarin ƙaruwa yake yi. Sabbin manhajoji kan gaji sassa da yawa daga tsofaffi, don haka idan kamfani ya fitar da gyara ga sabuwa, masu kutse kan bi gyaran daki-daki su gano inda ɓarakar take, sannan su neme ta a tsohuwar. Sau da yawa sukan same ta a buɗe.

Misalin da aka fi sani shi ne Windows XP, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2001, ya kuma janye kulawa daga gare ta ranar 8 ga Afrilun 2014. A shekarar ce gwamnatin Birtaniya ta biya kamfanin kimanin fam miliyan 5.5 domin ya ƙara wa ma'aikatunta shekara guda ta kulawa.

Ranar 12 ga Mayun 2017 aka kai harin WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle bayanan da ke cikin kwamfuta, ta nemi a biya kuɗin fansa dala 300 a kuɗin Bitcoin. Ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150.

A Ingila, harin ya shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati. An soke ganawar marasa lafiya da likitoci kimanin 19,000, wasu asibitocin kuma suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Daga baya Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa, wadda ta musanta.

Tun a watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar, amma ga manhajojin da yake kula da su kawai. Masu XP ba su samu ba sai bayan an fara kai harin, lokacin da kamfanin ya saɓa wa ƙa'idarsa ya saki gyaran gaggawa ga kowa.

Bai kamata a ɗora wa XP laifin duka ba. Bincike ya nuna akasarin kwamfutocin da suka kamu suna amfani ne da Windows 7, wadda a lokacin tana cikin wa'adinta, masu ita ne ba su sanya gyaran ba. Bambancin shi ne su suna da maganin a hannu suka yi sakaci, yayin da masu XP ba su da abin yi sai jiran alfarmar kamfani.

Ba kullum ne ganganci ke hana sauyi ba. Na'urorin ɗaukar hoto a asibiti da injunan cire kuɗi na bankuna kan zo da manhajar a cikinsu, kuma canza ta na iya nufin sayen sabuwar na'ura gaba ɗaya. A irin wannan hali, masana kan ba da shawarar a raba na'urar da intanet, a kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Wa'adin Windows 7 ya cika ranar 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025.