Daga Bagaruwa Zuwa Shuɗin Ruwa

Kakana majemi ne a cikin birnin Kano, kuma har ya koma ga Allah tafin hannunsa bai rabu da launin bagaruwa ba. Ina yaro ni ake aika in kwaso masa kashin tantabara a gidajen maƙwabta, aikin da na tsana a lokacin. Fatar akuya sai ta kwana biyu a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan kashin nan ta yi laushi, sannan a jiƙa ta a dakakkiyar bagaruwa. Wadda za a rina ja a sa mata karan dafi. Irin wannan fata wani Bature matafiyi mai suna Barth ya tarar a kasuwar Kano a 1851, ayari na kai ta har Tarabulus. Turawa kuwa da ta isa gare su sai suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can ma take bi.

Wari kam akwai shi, ba zan yi wa kakana kara ba. Amma kayan jimar toka ce da 'ya'yan itace da kashin tsuntsu. In an zubar, ƙasa ta shanye, damina ta wanke sauran.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga sayen ɗanyar fata. Daga baya masana'antun jima suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, suka zo da gishirin kuromiyam, wanda ke jeme fata cikin kwana guda ta fito shuɗi-shuɗi. Kuromiyam dangin ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Yana kwantawa a laka, ya zauna shekara da shekaru. Ruwan da aka cire gashi da shi kuma, da tarkacen nama da kitse, su ke cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Ruwan masana'antun Bompai na bin rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara, ya zarce madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa na gangarawa kogin Challawa. A duk bakin hanyar ruwan nan 'yan lambu ne da injin ban ruwa, suna shayar da latas da alayyahu da karas, ni ma na saya na ci. Ban ga laifinsu ba. Da rani wane ruwa suke da shi?

Wata rana na biyo ta bakin Getsi da wani tsoho mai lambu, ruwan ya yi baƙi yana kumfa. Na ce, "Baba, ana samun kifi a nan kuwa?"

Ya yi dariya. "Yaro, ai ni kukan kwaɗo ma na manta rabon da in ji shi a wajen nan." Ya sunkuya ya tayar da injinsa.