Daga Sakkwato Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Da Ta Koma Ta Awoyi

Maniyyacin da ya tashi daga Garu, a ƙasar Illela, zai yi tafiya a mota kafin ya isa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a Sakkwato. Daga nan zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, jirgi kan cinye su cikin awa biyar ko kusa da haka. Sau da yawa zaman jiran jirgi a sansanin alhazai ya fi tafiyar kanta tsawo nesa ba kusa ba.

To, kakanninmu wannan nisan suka riƙa takawa da ƙafa, ko bisa jaki da raƙumi. Sukan bi ta Borno, su ratsa Wadai da Darfur, su ƙetare kogin Nilu, sannan su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa. Guzuri kan ƙare a hanya, sai mutum ya yada zango ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ya sake ɗaukar sanda. Wani ya yi shekara bakwai, wani ya yi aure ya haihu a can, gida kuwa an riga an raba gadonsa. A 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin da suka zauna yake amsa sunansa.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, jiragen farko ma sawun mahajjatan suka bi. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin Arthur Coningham. Ba su iya miƙe hamada ba, saboda tankinsu ba ya ɗaukar man da zai kai su. Sai suka gangara Hartum, suka yi yamma suna sauka suna shan mai, har suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kwana shida ke nan, a jirgin sama! A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano a kan wannan hanya.

Ni dai ina ganin mu marubuta mun yi sakaci da wannan hanya. Labaranmu sun cika da saukar jarumi daga jirgi, amma da wuya ka ga wanda ya ba da labarin matar da aka bari a Illela tana ƙirga damina.

Kuma nisan bai daina sauyawa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazanmu suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ma ya ƙaru.