Yara Naƙasassu da Takwarorinsu a Makarantun Ƙasar Gobir

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, makarantar allo a ƙasar Gobir ba ta ware yaro saboda naƙasa. A zaurukan malamai na Sabon Birni da Isa, makaho yakan zauna cikin sa'o'insa, wani ya karanta masa allo, shi kuma ya riƙe da ka. Sau da yawa makahon ne ke riga su harda, har ya koma mai gyara musu tilawa. Wanda ya ja masa gora da safe yakan zama ɗalibinsa da dare. Gurgu ma, wanda shan-inna ta kama, akan goyo shi zuwa makaranta. Kurma ne dai aka bari a baya, domin karatun na kunne ne. Nan kam tsarin ya gaza.

Boko ya zo da baƙin allo da littafi, sai makaho ya rasa wurin zama. Shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa, amma ba da irin waɗannan yara ba. Makarantarsu ta musamman, wato ta A.A. Raji, a birnin Sakkwato take, nesa da iyayen da ke bakin iyakar Nijar.

Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro a aji ɗaya da 'yan'uwansa. Sai dai ta zo daidai lokacin da 'yan bindiga suka tilasta rufe makarantun ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin biyu.