Barikin Baƙi a Ƙasar Damagaram



Ƴan lakwal sun tambaye mu labarin sojan baƙi da suka tashi daga Nijar, suna tsammanin abin jiya ya soma. To, mu Damagarawa mun daɗe da sanin barikin baƙi.

A shekarar 1898 kaftin Kazmaju na Faransa ya sauka Zinder, aka kashe shi, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 Nasara suka komo da yaƙi, aka gwabza a Tirmini, suka ci gari. Sarki ya fita, suka bi shi suka kashe. Sannan suka gina bariki bisa duwatsu, suka sa masa sunan Kazmaju. Shi ne aka mai da sunansa barikin Tanimun bayan mulkin kai.

Sun ce kwantar da ƙasa ya kawo su. Amma a 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodibuwa. Sarauta ba ta komo gidanta ba sai 1923. Zinder ta zama babban birnin ƙasa daga 1911, har 1926 da suka ƙaura Yamai. Wa ya ɗauki nauyin bariki? Talakan ƙauye ne: hatsinsa, jakinsa, lanho, da aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946.

A zamaninmu kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunar kiyaye zaman lafiya a Mali, MINUSMA, a 2013. Jamus ta buɗe sansani a filin jirgin Yamai don jigilar sojanta da kaya da masu rauni. Gaskiya ba ɗaya suke da na dā ba: da yarjejeniya suka zo, ba su sa kowa aikin tilas ba. Duk da haka ƙarshen ɗaya ne. MINUSMA ta rufe a Disamba 2023, sojan Faransa suka fita Nijar a wannan wata, na Jamus da na Amurka suka bi baya a 2024.

Magabata sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kowane bariki ranar tashinsa tana tafe, mu ne za mu zauna da abin da ya bari. Saboda haka in an ce za a kawo mana zaman lafiya ko gyaran ƙasa, mu tambaya: wa zai biya, kuma me zai saura?

Muna roƙon dattawa su ba mu abin da suka ji daga iyayensu kan aikin tilas, mu rubuta tun suna raye. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.