Daga Rasit ɗin Haraji Zuwa Katin Zaɓe: Tsohuwar Gardama a Kudancin Kano

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa, da wuya bai ji dattawa suna ambaton haraji da jangali da wata irin murya mai nauyi ba. Ni ma a cikin wannan labari na girma. Abin da nake son nunawa shi ne, gardamar da ake yi yau a kan yawan ofisoshin gwamnati da kuɗin da suke ci, jikanya ce ga waccan gardama ta haraji, kuma zaɓe ne fagen da aka daɗe ana fafata ta.

Kukan haraji ya girmi Turawa. Kundin tarihin Kano ya nuna Sarki Kutumbi (1623–1648) ne ya fara karɓar jangali daga Fulani, sannan a zamanin Kumbari (1731–1743) an ƙaƙaba wa Kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, fatake suka yi ƙaura zuwa Katsina. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su.

A farkon 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta kama Kano ranar 3 ga Fabrairu. Turawa ba su kashe haraji ba, gyara masa zama suka yi. Suka haɗe kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da na karofi, suka kafa baitulmali, suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka yanka wa sarki da hakimi da dagaci albashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, haraji ya zama na tsabar kuɗi, ana karɓarsa da kaka. Wanda gonarsa ba ta yi ba, ko ya sayar da akuya, ko ya tafi cirani. Makiyayi kuwa yakan kora shanunsa cikin daji, irin su Falgore, don guje wa masu ƙidaya.

Da aka fara zaɓe a 1951, namiji baligi mai biyan haraji ne ke da ƙuri'a a Arewa. Wato rasit ɗin haraji shi ne katin zaɓe na farko. Sai dai zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, don haka NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi nasara a ƙasa, ta sha kaye a sama. Hujjar Malam Aminu Kano da mutanensa a sarari take: talaka ke ciyar da hukuma, don haka shi ya kamata ya zaɓi masu riƙe da baitulmali. 'Yan NPC suka amsa cewa da harajin nan ake gina makaranta da ɗakin shan magani da hanya, kuma rushe En'e rushe zaman lafiya ne. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An raba wannan gardama ta akwatin zaɓe a 1979. Da PRP ta ci Kano, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne man fetur. Tun zamanin Audu Baƙo, wanda ya gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a farkon shekarun 1970, rabon da ake samu daga asusun tarayya ya riga ya shafe abin da dagatai ke tarawa.

Da aka sauke wa talaka kaya, sai hukuma ta shiga yaɗo. Gyaran 1976 ya samar da ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya. Yau 774 ne, Kano kaɗai tana da 44, duk da an cire Jigawa a 1991. Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa kowacce tana da sakatariya da ciyaman da kansiloli. Haka masarautu: Rimi ya ɗaga darajar Rano da Gaya a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Ganduje ya ƙirƙiro sababbin masarautu a 2019, waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suka koma ƙarƙashin Rano, Abba Kabir Yusuf ya rushe dokar a Mayun 2024. Kowane zaɓe yana zuwa da nasa taswirar mulki.

Masu goyon bayan ƙari suna cewa mutumin Riruwai bai kamata ya yi doguwar tafiya kafin ya ga hukuma ba, kuma gaskiyarsu ne. Masu suka suna cewa albashi da alawus suna lashe kason kafin a kai ga rijiya da aji. A ganina, babbar asarar ita ce tsinkewar igiyar da ta haɗa biya da tambaya. Kakanninmu sun san nawa suka biya da hannun da ya karɓa, shi ya sa suka iya yin fushi. Mu kuwa ana tatsarmu ta harajin kayan masarufi da tikitin kasuwa da shingen hanya, amma muna ɗaukar kuɗin Abuja kamar ganima marar mai ita.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukuncin ba zai haifar da ɗa mai ido ba sai manomin masara na Doguwa da ɗan kasuwar Kwanar Ɗangora sun ɗauki wannan kuɗi a matsayin guminsu, sun nemi a karanta musu lissafinsa kafin su dangwala ƙuri'a. Abin da 'yan sawaba suka sha ɗauri a kansa ke nan.