Daga Ina 'Yan Pompiye Suka Fito?

'Yan uwa ɗalibai, ni karatuna na harshe ne, shi ya sa in zan bi tarihin abu, daga sunansa nake farawa. A Kano ko Katsina ana ce wa masu kashe gobara 'yan kwana-kwana. Mu a Nijar pompiye muke cewa, daga kalmar Faransanci mai nufin famfon tura ruwa. Cikakken sunan kuwa shi ne sapeurs-pompiers, kuma sapeur asalinsa sojan da ke haƙa ramuka ne a fagen yaƙi. Kun gani, tun a cikin suna akwai kakin soja.

Ga dalili. A 1810 gobara ta tashi ana tsakiyar biki a gidan jakadan Ostiriya a birnin Paris, mutane suka mutu, sarki Napoleyon kansa yana wurin. A 1811 ya mayar da masu kashe gobarar birnin bataliyar soja. Wannan tsari muka gada daga Faransa: har yau 'yan pompiyen Yamai sojoji ne, suna da bariki, lambar kiransu 18.

In ka bi tarihinsu a Yamai, gobara-gobara za ka yi ta ƙirgawa. A 1982 babbar kasuwa ta ƙone ƙurmus, zamanin Seyni Kunce, wanda ɗan Fandu ne, nan cikin yankinmu na Filinge. Sai a 1987 aka buɗe sabuwa, ginin siminti. A 2012 ƙaramar kasuwa ita ma ta tafi. A watan Mayun 2019 tankar mai ta fashe kusa da filin jirgi, ta kashe sama da mutum 50. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta watan Afrilun 2021: azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas, yara wajen 20. Ba a rufa shekara ba, a Nuwamba, irinta ta faru a Maraɗi, yara sama da 20. Zana ba ta jiran mota. Kafin a ji jiniya ta zama toka.

To, in haka take a birni mai famfo da kwalta, ina ga ƙauyukan Kurfai? Tsakanin Filinge da Yamai kilomita wajen 180 ne. A ƙauye pompiyen farko maƙwabci ne. Da an yi kururuwa, mata su fito da tulu da bokiti, samari su watsa rairayi, wasu su yaye zanar gidan kusa don wuta ta rasa abin ci. In a daji ta tashi lokacin hunturu, da ɗanyen reshe ake bugunta, ko a share mata fili tun da wuri don ta tsaya. Abin da ke ƙonewa kuma ba ƙarami ba ne: rumbun hatsin shekara, da ciyawar da dabbobi za su ci har damina.

Wannan sani na iyayenmu bai shiga bariki ba, sanin bariki kuma bai iso ƙauye ba. Mu da muka yi boko ya kamata mu haɗa su. In mun koma gida hutu, mu tambayi tsofaffi yadda suke yi, mu rubuta. Mu dubi ajin zanar da ƙannenmu ke zaune ciki: ƙofa nawa gare shi, ina tulun ruwa mafi kusa? Gemun Yamai da na Maraɗi sun riga sun kama, sai mu shafa wa namu ruwa.